Ranar da Na Iske Zaman Makokina

Har yau in waya ta yi kuka kusa da ni sai gabana ya faɗi, ko da kuwa ɗiyata ce za ta tambaye ni yadda na kwana. Da ba haka nake ba. Ni ce tsohuwar da ake yi wa dariya a unguwar Damba ta Gusau saboda son waya, har 'yar jaka na ɗinka mata na rataya a wuya kamar laya. Abin da ya shiga tsakanina da ita shi nake so in faɗa, amma ba zai fahimtu ba sai na koma can baya, 'Yankuzo, inda aka binne cibiyata, zamanin da magana ba ta zuwa ko'ina sai mutum ya ɗauke ta da ƙafarsa.

A garinmu a wancan lokaci, kunne ne ke gaya maka halin da gari ya kwana. Tun da duku-duku za ka ji guga yana dukan bakin rijiya, sai tarin tsofaffi masu alwala, sai jakin maƙwabta ya ɗauki nasa, daga nan taɓarya ta karɓe gari. Ko idona a rufe na san dakan kowane gida. Na gidan maƙera gaggawa gare shi kamar ana korar su. Na Innarmu a natse yake, takan cilla taɓarya sama ta yi tafi kafin ta cafe. In aka wayi gari wani gida bai yi daka ba, Inna ba ta tambayar kowa, sai ta ce, "Kande, leƙa ki gano muna ko lafiya." Kande ake ce mini, don maza na biyo, kuma a cikin mazan nan guda ne ya rayu, shi ne Yaya. Da hantsi matan Fulani su shigo da ƙorai a ka, muryarsu siririya tana ratsa danni. Da rana mu zauna gindin durumi muna gurzar auduga, manya na kaɗi, ba ka jin komai sai ɗan gurnanin mazari a cikin tasa. Shirun nan na rana, wanda har kana jin ƙudan zuma a kan furen kabewa, na neme shi a duniyar yau na rasa.

In kana da saƙo zuwa wani gari, sai ka jira ran kasuwar Tsafe ka ba mai tafiya sallahu. Kuma ba kowa ake ba kowace magana ba. Akwai wanda za ka ba gaisuwa, in ya manta ba a yi asarar komai ba. Akwai wanda za ka ba maganar aure. Labarin rasuwa kuwa sai an zauna an zaɓi mai kai shi, a duba hankalinsa, a duba kusancinsa da wanda za a gaya wa. Inna takan ce labarin mutuwa garwashi ne, in za ka kai wa maƙwabci a kasko ake zubawa a rufa masa toka, ba a watsa wa mutum a cinya. Ina yarinya ina jin wannan magana kamar sauran maganganun tsofaffi, ta shiga ta nan ta fita ta can. Ban san a kaina za a fara gwada mini ita ba.

An kai ni aure Bungudu, gidan mutanen kirki, manoma masu ɗan kiwo. Ina da cikin fari, ya tsufa har ba na ganin ƙafafuna. Lokacin kaka ne, an yanke gero, tsakar gida cike da dammuna. Ina tsaye ina sussuka sai na ji sallama a zaure, muryar kamar ta Yaya, amma ba a ce in fito ba, ni kuma kunya ta hana ni leƙawa. Na ji surukina ya fita, an daɗe ana magana ƙasa-ƙasa. Can sai uwar mijina ta zo ta karɓe taɓaryar daga hannuna ta jingine, ta ce, "Huta hakanan, ɗiyata, kin wahala." Ta sauke tukunyar da ke kan wuta. Ta shimfiɗa tabarma a inuwa ta zaunar da ni, ita kuma ta zauna a bayana, dab da ni, har ina jin ɗumin jikinta. Sannan aka ce wa Yaya ya shigo.

Ya shigo ƙafafunsa fari fat da ƙura, don motar auduga ta sauke shi Gusau, sauran hanyar da ƙafa ya ƙarasa. Aka kawo masa ruwa ya sha. Ya gaishe ni, ya tambayi jikina, ya tambayi amfanin gona, ya ce geronmu na bana ya fi na bara. Ni ina ta murna ina tambayarsa mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, yana cewa lafiya lau, suna gaishe ki. Da na zo kan Inna sai ya dubi ƙasa ya ce, "Inna dai jikin ya matsa mata kwanan nan." Na ce tun yaushe? Ya ce an ɗan kwana biyu. Na ce mi take ci? Ya ɗauki ruwa ya sake kurɓa. Na ce to tashi mu tafi in gan ta. Bai motsa ba, yana ta murza bakin tabarma da yatsa. A nan na ji hannun uwar mijina ya sauka a kafaɗuna duka biyu. Na dubi Yaya na ce, "Yaya, Inna ta cika ko?" Ya ce, "Sai haƙuri, Kande. Ta cika da kalmar shahada, kuma sunanki na bakinta."

Na yi kuka, kukan da ban taɓa yin irinsa ba. Amma a zaune nake, a riƙe nake, ba wuta kusa da ni, ba taɓarya a hannuna, kuma da bakina na faɗi maganar, shi rakiya kawai ya yi mini har na iso wurin. Cikina bai taɓu ba, na haifi ɗiyata lafiya. Sai bayan shekaru Yaya ya gaya mini cewa a hanya ya zauna gindin wata tsamiya ya daɗe yana gwada yadda zai fara, yana faɗa yana sakewa, har wani makiyayi ya tsaya yana kallonsa ya zaci motsuwa ya yi. A lokacin gemunsa ko fitowa bai gama yi ba.

Shekaru suka tafi. Maigidana ya rasu, autana ya ɗauko ni ya kawo ni gidansa a Damba. Ɗiyata ta fari tana aure a can Bungudu. Yaya kuwa rashin kwanciyar hankalin da ya sami ƙauyukanmu ya taso shi daga 'Yankuzo, ya koma cikin garin Tsafe wurin babban ɗansa, ya bar gonar da ubanmu ya bar masa. A wannan lokaci ne autana ya sayo mini waya, 'yar ƙarama mai tocila a ka. Kada in ci amanarta, ta yi mini rana. Kowace Juma'a in an sauko masallaci sai in ji muryar Yaya kamar yana bayan danni, mu yi ta hirar mutanen da suka shuɗe. Ranar da naƙuda ta kama matar autana ba kowa a gida sai ni, da ita na kira mai mota. In za a bi hanyar Tsafe, da ita ake tambaya ko hanya ta yi kyau, kuma Allah kaɗai ya san rayukan da wannan tambaya ta tsirar. An ce zumunta a ƙafa take, ni kuwa da ƙafata ta gaza sai na ce to ga ƙafa Allah ya kawo mini a cikin jaka.

Amma ina gani da idona wasu abubuwa da suke ɗaure mini kai. Ka shiga gida ka yi sallama, yara na zaune kowa ya sunkuyar da kai kamar masu tsintar tsakuwa a shinkafa, a amsa maka ba a ɗago ba. Tuwo ya kama a tukunya mai tuƙi na dariya ita kaɗai. Ana tsakiyar salla kiɗa ya tashi a aljihun wani. Na taɓa jin wani maƙwabcinmu yana rantsuwa a waya cewa ga shi nan ya kusa shiga Tsafe, alhali yana zaune a kan dakalin ƙofar gidanmu yana cin rake. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne ranar da mota ta kaɗe wani bawan Allah a bakin titi, na ga samari sun kewaye shi, na ce alhamdu lillahi za a taimake shi. Ashe hoto suke ɗauka. Na dawo gida na kasa cin abinci. Duk da haka ina ganin abin daga nesa ne, kamar gobarar wata unguwa.

Ranar da abin ya zo kaina, da sassafe na shirya zuwa Sabon Gari barkar haihuwa gidan wata 'yar ƙawata. An kwana biyu ba wuta, wayata ta mutu, sai na miƙa ta wurin mai caji a bakin layi na wuce. Autana ya riga ya tafi gona, can inda waya ba ta kamawa. Abin da ban sani ba shi ne, a ƙarshen unguwarmu akwai wata baiwar Allah mai ƙuli-ƙuli, ita ma Kande, sa'ata ce, ta daɗe tana jinya, kuma a safiyar nan Allah ya karɓi abarsa. Matar autana da sauran matan layinmu duk suka ɗunguma can. Wani ya rubuta a waya cewa Inna Kande ta Damba ta rasu, za a yi jana'iza da hantsi. Iyakar abin da ya rubuta ke nan, kuma bai yi ƙarya ba.

Ni ina can Sabon Gari ina cin tuwon barka, ina ɗaukar jariri ina yi masa wasa, har na tsaya na gwada wa mai jego yadda ake gasa cibiya. Sai bayan azahar ɗan kabu-kabu ya sauke ni a bakin layinmu. Na hango tabarmi a ƙofar gida, da maza zaune, da wata motar haya a gefe. Na gane fuskokin, dangin maigidana ne na Bungudu. Na ce shi ke nan, autana ne, wani abu ya same shi a hanyar gona. Na matso ina salati. Wani ƙanin maigidana, dattijo mai furfura, ya ɗago ya gan ni. Carbin hannunsa ya faɗi. Ya miƙe yana ja da baya yana cewa, "La'ilaha illallahu! La'ilaha illallahu!" Sauran suka watse kamar an jefa dutse cikin kaji, wani har ya bar takalminsa.

Na ce, "Malam, mi ya faru? Wa ya rasu?"

Ya nuna ni da yatsa ya ce, "Ke... ke aka ce."

Ban gane ba. Na kutsa cikin gida. Tsakar gida cike da mata ana koke-koke, wata ta gan ni ta saki buta ta kurma ihu ta faɗa bayan randa. Na ɗaga labulen ɗakina, sai ga ɗiyata ta fari, wadda nake da cikinta ranar da Yaya ya zo mini Bungudu, kwance a ƙasa ta rungume zanen da na cire da safe, muryarta ta dishe. Na kira sunanta. Ta ɗago ta dube ni, ta ja jiki ta manne da bango, idanunta kamar za su faɗo. Na ce, "Ni ce, uwarki ce, taɓa ni ki ji." Ta miƙo hannu a hankali ta taɓa ƙafata, sai ta sulale ta suma. Da ruwa aka farfaɗo da ita.

A hankali zaren ya warware. Jikata Nafisa, ɗiyar wannan ɗiya tawa, ita ta fara ganin rubutun a Bungudu. Ta kira wayata ta ji a kashe. Ta kira kawunta ba ta shiga. Ta kira matarsa, ita kuma tana cikin gidan rasuwa ba ta ji ba. Sai ta ɗauko hotona na sallar bara ta liƙa a wurin nan da suke liƙa hotuna kowa ya gani, ta rubuta addu'a a ƙasa. Kafin a ce haka dangi sun cika mota. Da suka iso ba su sami kowa ba sai ƙananan yara, suka tambaya, yara suka ce, "Umma ta tafi wurin rasuwar Inna Kande, an ma kai ta." Su yaran gidanmu Kaka suke ce mini, Inna Kande a wurinsu mai ƙuli-ƙuli ce. Baƙi kuwa suka ji abin da suka zo da shi a zuciya, suka shimfiɗa tabarmi.

Kuka ya koma dariya. Matar da ta ɓuya bayan randa ta fito tana cewa ita dama ta san fatalwa ba ta ɗaura ɗankwali haka. Autana ya iso a kan babur ido jawur, don yana fitowa inda waya ke kamawa ta'aziyya ta yi ta shigo masa kamar ruwan sama, ya gan ni ya durƙusa ya riƙe gwiwoyina yana kuka kamar yaro. Ni kaina har na yi dariya, na ce to tunda kun zo a dafa muku abinci ku ci sadakata ina kallo. Muna cikin haka wayarsa ta sake kuka. Na ga ya saurara, fuskarsa ta canza, ya juya mini baya. Na ce, "Wane ne?" Ya ce, "Daga Tsafe ne. Kawu ne ya faɗi."

Abin da ya faru shi ne, Yaya na zaune a ƙofar gida yana tufkar igiya, abin da yake rage zaman banza da shi tun da ya bar gona. Wani mai shago a layinsu ya taho da waya a hannu, ya kara masa ita a fuska ya ce, "Baba, wagga ba ƙanwarka ce ta Gusau ba? An ce ta mutu." Haka kawai, a tsaye, ko sallama bai gama ba. Ba mugu ba ne, na san shi, yana ganin taimako ya yi. Yaya ya dubi hoton, ya yunƙura zai tashi, sai ya kife. Da aka kai shi asibiti aka ce jininsa ne ya hau, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Mutumin da ya taka daga Gusau zuwa Bungudu yana auna kalmar da zai gaya mini, shi aka yi wa haka.

Na sa aka karɓo wayata daga wurin mai caji, na kira babban ɗansa na ce ya kara masa a kunne. Na ce, "Yaya, ni ce Kande. Ina nan da raina, ƙarya ce, wata ce ta rasu." Ina jin numfashinsa, ina jin yana wani gurnani, sai ɗansa ya karɓa ya ce, "Gwaggo, ya kawar da kai. Shina cewa ɗauka ce." Na ce ɗaukar mi? Ya ce wai muryata ce da aka ɗauka tun da, ake sa masa don a kwantar masa da hankali. Ai yana ganin jikokinsa na sauraron muryar mutanen da suka daɗe a kabari. Aka gwada irin kiran da ake ganin fuska, ya rufe ido, ya ce hoto ne, hoton kuma ai shi aka nuna masa da farko. Na gane abin da ke ransa. Shi ya san yadda ake lallaɓa mutum, shi ya taɓa ce mini Inna jiki ya matsa alhali tana ƙasa. Yana zaton yanzu shi ake yi wa. Ya ƙi ruwa, ya ƙi magani, hawaye kawai ke bin gefen fuskarsa.

Na ce a kai ni Tsafe yanzu. Autana ya ce rana ta yi sanyi, ba mai bin hanyar nan da yamma, sai da safe. Ban taɓa jin tsawon jira irin wannan ba. Da gari ya waye muka shiga mota, ni da shi da Nafisa, wadda ta ƙi komawa Bungudu, ta kwana tana kuka. Direba na tafe yana kiran 'yan'uwansa da suka riga shi yana tambayar hanya, suna ce masa taho, lafiya lau. Ina zaune ina kallon abin nan a hannunsa, jiya ya kashe ni ya kayar da ɗan'uwana, yau shi ke yi mana jagora.

Na ce wa Nafisa ta nuna mini hoton. Ta nuna. Ga ni nan cikin atamfar salla, ina dariya har ana ganin giɓina, ita ta ɗauke ni ranar tana ce mini amarya. A ƙasa an yi rubutu da yawa, ta ce duk addu'o'i ne, wasu ma ba ta san su ba. Ta ce, "Kaka, na cire nawa tun jiya, na rubuta cewa kuskure ne. Amma wasu sun kwafa, ya bazu, har yanzu ana ta turawa." Na ce, "Nafisa, ba zan zage ki ba, tambaya ɗaya zan yi miki. Da kika ji kakarki ta mutu, mi ya hana ki zauna ki yi kuka tukuna? Mi ya hana ki tuna akwai tsoho a Tsafe?" Ta share ido ta ce, "Wallahi Kaka ina kuka nake sawa. Kowa haka yake yi. In ban sa ba sai a ce ban damu da ke ba." Wannan amsa ta fi ganin tabarmin makokina girgiza ni. Yarinyar nan tana ƙaunata, ni na yi mata wankan jariri. Ba rashin tarbiyya ba ne. A duniyar da ta tashi, haka ake nuna an yi rashi, kuma duk wanda ya riga sanarwa shi ya fi kusa da mamaci. Muna cikin haka muka shiga Tsafe.

Na sami Yaya kwance a gadon asibiti, ya ƙanƙance a dare ɗaya, bakinsa ya karkace. Na yi sallama. Ya ji muryar, ya runtse ido da ƙarfi, ya juya fuska wajen bango. Na zauna a bakin gadon. Ban yi ta rantse-rantse ba, don an riga an yi masa ya ƙi. Sai na kamo hannunsa na hagu, mai motsi, na ture ɗankwalina baya, na ɗora yatsunsa a kan wani tabo da ke saman goshina. Tun muna yara muna korar tsuntsaye a gonar gero dutsen majajjawarsa ya kuskure ya fasa mini kai, ya goya ni har gida yana kuka ya fi ni, muka ce wa Inna faɗuwa na yi. Ba wanda ya san wannan sai ni da shi. Na ji yatsun sun tsaya a wurin, suna shafawa, suna komawa. Ya buɗe ido. Ya daɗe yana kallona. Sai ƙirjinsa ya fara tsalle, ya damƙe kunnena da hannun nan kamar zai cire shi, yana son kiran sunana harshe ya ƙi. Na ce, "Awo, ni ce. Sha ruwa." Ya sha.

Yaya bai ƙara takawa ba. Na koma Damba na kwaso kayana na dawo Tsafe, ni ke jinyarsa tare da surukarsa. Kafin in taho na je gidan mai ƙuli-ƙuli na yi musu ta'aziyya, ina jin nauyi kamar na ci hakkinta, don addu'o'in da aka yi ta zuba wa hotona nata ne, ita aka kai kabari ba wanda ya liƙa fuskarta. Na roƙi Allah ya mayar mata da su. Har yanzu nakan gamu da wanda labarin farko ya isa gare shi na biyu bai isa ba, ya gan ni ya ja da baya yana salati. An ce magana zarar bunu ce. A zamaninmu bunu ɗaya ake zara, yanzu jinka ake yayewa gaba ɗaya kafin mai ɗaki ya dawo daga unguwa.

Maganarsa ta fara dawowa kaɗan-kaɗan, sai ka kasa kunne sosai kake ganewa. Rannan da hantsi an fito da shi inuwa, na jingina shi da bango, ina ba shi kunu da ludayi, rabi na shiga rabi na zuba ta gefen baki ina sharewa. Sai ya ture ludayin, ya riƙe mini wuyan hannu. Na sunkuya kusa da bakinsa. Ya daɗe yana kokawa da harshe, jijiyar wuyansa ta tashi, sannan maganar ta fito ɗaya-ɗaya.

"Kande. Ni na riga ki zuwa. Ki bari... in riga ki tafiya."

Na ce, "To, Yaya. In Allah ya yarda."

Ya saki hannuna, ya buɗe baki, na ci gaba da ba shi kunu.